Walidiya: zangon motocin kwana a bakin tekun Maroko

Duk shekara, da sanyi ya fara kama ƙasashen Turai wajen watan Nuwamba, sai tsofaffin da suka yi ritaya su ɗaure kaya su gangaro kudu cikin fararen motocinsu masu ɗaki. Faransawa ne suka fi yawa, sai Jamusawa, 'yan Holan, 'yan Italiya da 'yan Ingila. Su ratsa Sifen, su hau jirgin ruwa a Aljeziras, su sauka tashar Tanja Med, daga nan su kama gaɓar tekun Atlantika suna bin rana. Dokar Maroko ta ba Bature kwana 90 ba tare da biza ba, motarsa kuma kwastan na yi mata izinin wata 6 a shekara. Wasu Agadir suke nufa, wasu har Dakhla, amma kusan kowa sai ya yada zango a wani ƙauye da ke tsakanin Aljadida da Safi, wanda ake kira Walidiya.

Cikin waɗannan baƙi akwai malamina, Bafaranshen da na koyi aikin famfo da rijiyar burtsatse a hannunsa a Damagaram tun ina saurayi. Yanzu ya tsufa, yana cin fanshonsa, shi da uwargidansa. Har yau Hausarsa ba ta gudu ba, duk da ta yi tsatsa. Da ya ji aiki ya kawo ni Kasablanka, sai ya bugo waya a watan Fabrairun 2025 ya ce, "Ɗana, ka nemi hutu. Zan biyo in ɗauke ka, ka ga yadda muke zaune a kan taya." Na ce, "To Malam, Allah Ya kawo ku lafiya."

Motar tasu ba ta kai mita 7 ba, an gina ɗakin a kan gangar Fiat Ducato, wadda ita ce aka fi yin irin waɗannan motoci da ita. Nauyinta da kaya da mutane bai kamata ya wuce tan 3 da rabi ba, domin in ya wuce, lasisin ƙaramar mota ba ya tuƙa ta. Wannan iyaka ce ke mulkin duk abin da ke ciki. Kwanukan na roba ne, tebur na naɗewa, kujerun gaba suna juyowa su zama na falo. A baya akwai gadon masu gida, a saman direba akwai wani gado da ake hawa da ɗan tsani, nan aka ba ni. Akwai murhun gas mai kai biyu, ƙaramin firji, da banɗakin da in ka shiga sai ka yi dabara kafin ka juya. A kan rufi an kafa farantin sola mai cika batir. Amma ni idona na mai aikin ruwa ne, abin da na fara tambaya shi ne tankuna. Uku ne: na ruwan sha mai cin lita 100 da ɗoriya a ƙarƙashin kujera, na ruwan wanke-wanke da wanka a ƙarƙashin motar, sai akwatin masai mai cin ƙasa da lita 20, wanda ake zarowa ta wata ƙaramar ƙofa daga waje. Malam ya buga bangon motar da tafin hannu ya ce, "Waɗannan uku su ke gaya mana ranar tashi da ranar sauka."

Daga Kasablanka mun bi babbar hanya zuwa Aljadida, tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka. Mun tsaya mun zaga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a ƙarni na 16, lokacin ana kiran wurin Mazagan. Sun riƙe ta har 1769, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004. Daga nan Malam ya ƙi bin sabuwar babbar hanyar Safi, ya kama tsohuwar da ke bin bakin teku. Ba a jima ba muka shiga Jorf Lasfar, inda dogayen bututun hayaƙi suka tsaya a jere, manyan motoci suna ta kai da kawo. A nan kamfanin OCP na gwamnatin Maroko ke sarrafa ma'adinin fosfat ya zama takin zamani, har da wanda ke isa gonakin Afirka ta Yamma. Wanda ya zo neman kyawun teku zai so ya rufe ido a nan, amma ni na buɗe nawa, domin a wannan wuri ne ake tace ruwan teku a cire gishiri, har ana ba mutanen Aljadida su sha.

Bayan an wuce masana'antun ƙasa ta sake kama. Tsakanin titi da teku akwai wani siririn fili mai yashi da aka yanka ƙananan gonaki, an kakkafa shingen kara saboda iska. Karas, tumatir, kabeji, dankali, wasu gonakin har suna taɓa tudun yashin da ke tare igiyar ruwa. Jakai da amalanke, injin ban-ruwa yana ƙugi, mata da huluna masu faɗi suna cire ciyawa. Can kuma fadamun gishiri, farin tsibi a gefensu.

Walidiya kashi biyu ce. Garin sama yana kan tudu a bakin titi, nan kantuna suke da masallaci da gidajen shayi da tashar taksi. Daga nan hanya ta gangara wajen kilomita ɗaya zuwa garin ƙasa, inda gidajen hutu suke, galibinsu a rufe a wannan lokaci na shekara. In ka tsaya a bakin gangaren, abin da ya sa ake zuwa garin yana shimfiɗe gabanka: wani tafki mai lanƙwasa da teku ke cikawa, kore shar a tsakiya, fari a gefe, duwatsu sun tare shi daga babbar teku sai 'yan ƙofofi da ruwa ke shiga da fita. A waje igiya na dukan dutse tana tashi sama, a ciki ruwan kwance yake, yaro ma na iya shiga. Sunan garin daga Sultan Alwalid ɗan Zidan ya fito, wanda ya gina ƙaramar ganuwa a kan tudun a 1634 don tsaron mashigar. Jikan Ahmad Almansur ne, wanda rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songai a Tondibi a 1591. Ƙasa da ganuwar akwai kufan gidan hutun Sarki Muhammadu na Biyar, kakan sarki na yanzu, an bar shi iska da gishiri suna ci.

Filin da motocin kwana ke sauka yana garin ƙasa, 'yar tafiya kaɗan daga bakin tafkin. Fili ne kawai mai faɗi, babu inuwa, babu ado. Da muka shigo da la'asar ya kusa cika, motoci sun yi sahu-sahu, kowace ta juya gabanta yadda sola zai samu rana. Wani dattijo mai jallabiyar ulu, ya ɗora rigar nan mai ƙyalli ta masu gadi a kai, ya taso yana nuna mana gurbi da hannu. Ya yi alama, Malam ya ja baya, ya ɗaga tafi, muka tsaya. Malam ya fito da wasu 'yan tudun roba ya sa ƙarƙashin tayoyin gefe ɗaya har motar ta daidaita, domin irin firjinsu ba ya aiki sosai a karkace, ruwa kuma ba ya gangarawa makwarara.

Mai gadin ya gaida su da Faransanci, ya karɓi kuɗin kwana, 'yan dirhami da ba su kai kuɗin abincin mutum ɗaya a gidan abinci ba, ya yago takarda ya ba su. Sannan ya dube ni. Na yi masa sallama, ya amsa da cikakkiyar amsa, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Daga ina, ɗan'uwana? Senegal?"

"Nijar, Sidi Alhaji."

"Marhaban. Masallaci yana sama. In ka ji kira ka biyo ni, akwai gajeriyar hanya."

Da magariba na bi shi muka hau tudun. Bayan an sallame, wasu suka matso suka yi da'ira kusa da liman suka ɗauki hizbin ranar da murya ɗaya. Haka ake yi a masallatan Maroko, hizbi ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, a sauke Alƙur'ani duk wata. Da ruwayar Warshu suke karatu, wadda muka taso da ita a makarantar allo, don haka bakina ya bi nasu ba tare da na nemi mus'hafi ba. Da muka fito wani ya riƙe ni sai na sha shayi.

Mutumin da ya girma nesa da teku, abin da zai fi ɗaure masa kai a Walidiya shi ne cika da janyewar ruwa. Da safe na sauka bakin tafkin na tarar rabinsa babu. Inda jiya kwale-kwale ke yawo, yau tudun yashi ne mai faɗi, mata sun naɗe zane zuwa gwiwa suna tono da 'yan ƙarafa suna cika bokiti da abin da ruwa ya bari. Kafin azahar ruwan ya dawo, ya shigo ta ƙofofin dutsen da gudu, ya shafe sawun kowa. Sau biyu yake yin haka tsakanin dare da rana, kullum kuma yana jinkirta lokacinsa da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Masunta a nan lissafin watan Musulunci yana bakinsu, domin da shi suke sanin ranar da mashiga za ta yi kyau da ranar da za ta yi haɗari.

Mun ɗauki hayar kwale-kwale mai inji muka shiga can ciki, inda tafkin ya tsuke ya zama fadama. Zalɓe na tsaye cikin ruwa, balbelu na bin shanu a gefen gona, ga kuma filamingo, dogayen tsuntsayen nan masu launin hoda, sun sunkuyar da kai suna tace laka. Tun 2005 aka sa wannan yanki, daga Sidi Musa zuwa Walidiya, cikin jerin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, saboda tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka ta Yamma suna hutawa a nan. Mai kwale-kwalen ya nuna mana layukan turaku da suka fito daga ruwa, da tebura na ƙarfe ɗauke da jakunkunan raga. Gonakin kawa ke nan.

Kawa wata halitta ce ta ruwa mai ɓawo biyu masu kaushi, naman yana ciki. Tun shekarun 1950 ake kiwonta a wannan tafki, kuma da ita aka san Walidiya a duk faɗin Maroko, ko da yake yanzu Dakhla ta fi samar da mai yawa. Ba sai ka je nemanta ba, ita za ta same ka. Da hantsi wani saurayi ya shigo filin motoci a kan ƙaramin babur, ya ɗaure kwando a baya an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ya tsaya gaban motarmu ya ce, "Madam, na yau ne, yanzu aka fiddo." Ya yaye buhun: kawa, ƙaguwa mai dogayen ƙafafu tana motsi, da wasu ƙulle-ƙulle masu ƙaya. Madam ta zaɓi dozin. Ya naɗe tafin hagunsa da tsumma, ya kwantar da kawa ɗaya a ciki, ya soka gajeriyar wuƙa a wajen maɗaurin ɓawon, ya murɗa wuyan hannu sau ɗaya, sai ka ji ƙas. Ya zura wuƙar ta ƙarƙashin murfin ya yanke jijiyar, ya ɗaga, ruwan ciki bai zube ko ɗigo ba. Ya matsa lemun tsami, gefen naman ya ɗan tsuke. Ya ce wannan tsukewar ita ce shaidar tana da rai, wadda ba ta motsa ba a yar. Hannunsa duk tabon wuƙa ne, tsoho da sabo. Su Malam ɗanya suka sha. Ni na ce a ɗora mini tawa a kan gawayi, aka ɗora, ta dahu cikin ruwanta. A mazhabar Malikiyya da muke bi mu da su, abin da teku ta fitar halal ne.

A bakin babbar teku kuma, bayan tudun yashi, nan masunta ke fitowa da jiragensu na katako masu fenti. Da jirgi ya taɓa yashi sai maza su taru su ja shi sama, a zube kifi, a yi ciniki a tsaye. Ka sayi naka, ka miƙa wa masu gashi da suka kafa murhu da laima a wurin, su gasa maka da gishiri da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun, su kawo da burodi da yankakken tumatir da albasa. Kifin sadin da na ci a wannan yashi ban ci irinsa a Kasablanka ba.

To, a nan ne zancen kawa da zancen tankunan Malam suka haɗu. Kawa ba ta da wani abinci sai abin da ta tace daga ruwa, yini take tana zuƙa tana fesarwa. Duk ƙazantar da ta shiga tafkin, cikinta take taruwa. Shi ya sa hukumomi ke auna ruwan a kai a kai, kuma in an ga abin da bai dace ba sai a dakatar da ɗiba da sayarwa har ya gyaru. Ranar da aka dakatar, saurayin nan mai babur ba shi da abin kai wa gida. Yanzu ka ɗauki fili mai cike da motoci, kowace da mutum biyu, kowace da akwatin masai da ke cika cikin kwana biyu ko uku, da tankin ruwan sabulu da maiƙo, duka a 'yan taku daga bakin ruwan.

Na bi Malam ranar da ya je zubar da nasa. Ya sa safar roba, ya buɗe ƙaramar ƙofar, ya zaro akwatin, ya ja shi a kan tayoyinsa zuwa ƙarshen filin. Can akwai rami mai murfin ƙarfe da famfo a gefe. Ya ɗaga murfin, ya juya bututun akwatin ƙasa, ya danna wani maɓalli da babban yatsa don iska ta shiga kada ya fantsamo, ya zubar. Ya ɗauraye sau biyu da ruwan wata jarka da ya ware don wannan aiki kaɗai. Bai yarda bakin akwatin ya kusanci famfon ba, domin daga wannan famfo wani zai cika tankin shansa. Ya zuba ɗan magani da ruwa kaɗan, ya mayar. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya yi aikin nan a natse, ba ƙyama ba gaggawa. Ya ce mini a Faransa ƙauyuka da yawa sun kafa wa wannan aiki wuri na musamman: daɓen siminti mai gangare da rariya a tsakiya inda mota ke hawa ta saki ruwan wanke-wanke, ramin masai daban da famfonsa, famfon sha daban, ka jefa kwabo ko ka sa kati ya ba ka lita 100 ko wutar awa ɗaya. Ni da na san farashin siminti da bututu, na lissafa a raina na ga aikin bai fi ƙarfin ma'aikatar magajin gari ba. Abin da ya fi tsada shi ne a tabbatar ramin ya haɗu da magudanar da ke kai wa matatar ƙazanta, domin ƙasar wurin yashi ce da dutse mai ramuka, abin da ka zuba a salga yau gobe yana cikin tafki.

Ba kowane baƙo ne Malam ba. Wata safiya wata mota ta tashi ta bar bakin tankinta a buɗe da gangan, ruwan toka-toka yana bin ta a kan titi har gangaren da ke kallon tafkin. Mai gadi ya bi ta da gudu yana buga gefenta da hannu har ta tsaya. Ban ji abin da ya gaya wa direban ba, amma na ga wasu Turawan sun fito daga motocinsu sun tsaya bayan mai gadin. Da ya dawo yana haki ya ce mini, "Ɗan'uwana, a ƙasarsu ba zai yi haka ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ramin zubarwar bai fi taku hamsin daga inda motar ta kwana ba.

Ruwan shan ma ba a banza yake ba. Lokacin da muka je, Maroko na cikin fari na shekaru a jere. Madatsar Almasira da ke kan kogin Ummur Rabi'i, wadda ke shayar da gonakin Dukkala, yankin da Walidiya take ciki, ta kusa ƙafewa. A 2024 an kai ga rufe gidajen wanka da wuraren wankin mota kwana uku a mako a birane da dama. A ƙarshen watan da muka yi tafiyar nan ne Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a wannan shekara, saboda dabbobi sun ragu ƙwarai. A irin wannan hali, mutum na iya cewa me ya sa za a ba baƙo ruwa. Amma na zauna cikin motar na ga yadda ake kashe shi. Lita 100 na kai mutum biyu kwana uku ko huɗu, har da girki da wanka. Madam na wanke kwanuka a cikin roba, ta ɗauki ruwan ɗaurayar ta wanke ƙasa da shi. Wanka kuwa, ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka sa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Mu mutanen Damagaram ba a koya mana wannan, mun sha layin famfo da tsakar dare. Butata ɗaya na isa ta alwala biyu, kuma an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya. Baƙon otal mai wurin ninƙaya da ciyawar da ake shayarwa kullum, abin da yake kashewa a yini ya ninka na waɗannan tsofaffi.

A watannin Yuli da Agusta Walidiya ta 'yan ƙasa ce. Iyalai daga Marakish da Kasablanka ke cika ta, gidajen da na gani a rufe duk a buɗe su, hayar ɗaki ta yi tashin gwauron zabi. Da an koma makaranta sai gari ya yi tsit. Daga nan har bazara, motocin nan ne kasuwar talaka. Na zauna bakin ƙofa na ga masu shigowa filin tun safe: mai burodi, mai kifi, matar da ke karɓar wanki ta dawo da shi a goge, mai kayan lambu da amalanke, yaron da ke ɗaukar tukunyar gas ya kai garin sama ya canjo, wani mai ɗinkin rumfa da rigar kujeru da ke auna mota yau ya kawo aiki jibi, har da mai zanen raƙuma da dabino a jikin mota in kana so. Ranar Juma'a wata mata ta zagaya ta rubuta masu son kuskus, abincinsu mai kama da dambu, bayan an sauko daga masallaci ta kawo shi da zafinsa a manyan akussa. Duk wanda ya san tarihin fatake ya san wannan tsari. Haka zangon ayari yake a bayan ganuwa a ƙasar Hausa: baƙo ya sauke kaya inda sarkin zango ya nuna masa, 'yan gari su kawo ruwa da itace da fura da harawa, kowa ya samu, da safe ayari ya wuce, wani ya sauka. Kuɗin ba ya bi ta hannun wani babban kamfani kafin ya iso, daga aljihun baƙo yake faɗawa tafin mai burodi.

Akwai masu ƙorafi, kuma ba duka ƙorafin ne banza ba. Wani mai gidan abinci ya gaya mini waɗannan baƙi da tukunyarsu suke zuwa, wasu har da taliya da man girki daga Turai, su yi sati ba su zauna kan teburinsa ba. Mai otal na ganin ba sa kama ɗaki. Wasu 'yan gari na cewa jerin fararen motoci na tare musu ganin ruwa. Akwai kuma baƙin da ba sa son biyan ko 'yan dirhamin mai gadi, su je su laɓe bayan tudun yashi inda wata manhajar waya irin su Park4night ta nuna musu, inda babu rami babu famfo. Irin waɗannan jandarma ke tasa da dare su ce su koma wurin da ake gadi, kuma ina ganin daidai ne.

Abin da nake tsoro daban ne. Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4 a 2024, ta zama ta ɗaya a Afirka, ga kuma gasar cin kofin duniya ta 2030 da za ta shirya tare da Sifen da Fotugal. Tun shirin da aka ƙaddamar a 2001 na gina manyan wuraren hutu a bakin teku, irin na Sa'idiya da Mazagan da Tagazut, ƙasar da ke kallon ruwa ta zama zinariya. A Tagazut, filayen da motocin kwana suka saba cikawa yanzu otal-otal ne da filin golf. A Imsuwan, cikin Janairun 2024, an rushe gine-gine da dama da aka ce suna kan filin gwamnati na bakin teku. Tsofaffin filin namu duk zancen da suke yi ke nan da yamma, kowa na faɗin wurin da ya saba sauka da yanzu an kafa allon hani. Fili irin na Walidiya, a tsakiyar gari, kusa da ruwa, ba zai rasa mai zawarcinsa ba. In aka tura motocin can bayan gari cikin katanga, za su samu wuta da wanka mai zafi, kamar yadda ake samu a wani sansanin motoci da ke kan tudu, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta taka zuwa kasuwa ba, mai babur kuma sai ya nemi izini a ƙofa. Ni dai da za a tambaye ni, a bar filin inda yake, a yi masa daɓe da rariya da famfo biyu, a ƙayyade yawan motoci da kwanakin da kowace za ta yi, a ƙara kuɗin kwana kaɗan a sa shi cikin kula da tafkin, a kuma mayar da mai gadi ma'aikaci mai albashi. Na faɗa wa Malam haka, ya ce shi a shirye yake ya biya ninki biyu, kuma ya san da yawa cikin maƙwabtansa za su biya.

Ranar tashi mun zubar da tankuna, muka cika na sha, Malam ya zagaya motar yana taɓa kowace ƙofa da kowane murfi, Madam ta kulle firji da akwatuna don kada su buɗe a hanya. Mai gadi ya kawo mini ƙullin gishirin fadama ya ce in kai wa iyali, ya yi mana addu'ar hanya. Daga Walidiya zuwa Safi kilomita 60 ne da 'yan kai, hanyar tana bin saman duwatsu masu tsayi, ta wuce hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Ras Baduza. A Safi, garin tukwane da gwangwanin sadin, suka ajiye ni tashar jirgin ƙasa. Su za su ci gaba zuwa Sawira, daga nan Agadir da Tiznit, sai watan Afrilu su juyo arewa. Malam ya ce a hanyar dawowa zai sake sauka Walidiya, in shirya masa zanen daɓen da rariyar da lissafin kuɗinsu da Faransanci, shi da wasu abokansa za su kai ofishin magajin gari. Na fara zanen a cikin jirgi, a bayan takardar tikitina.